Tsinken Tsintsiya a Cikin Littafin Kakana

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shaidar da zan bayar ta mako guda ce a watan Agusta na shekarar 1996, lokacin da aka kai ni sansanin yara na ikilisiya a Zariya ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Na daɗe ina ba yara wannan labari, amma sau da yawa nakan tsallake wurin da ya fi ba ni kunya, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta shi yadda ya faru.

Ni Bahaushe ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Malumfashi cikin jihar Katsina. Kakana Bamaguje ne, ya ba da gaskiya a shekarun 1960, zamanin da masu wa'azin Sabon Rai Don Kowa suke bin ƙauyuka da ganguna da waƙoƙi. Da girmansa ya koyi karatu a wurin mai bisharar da aka turo mana, kuma ɗan akuya ya sayar ya sayi Littafi Mai Tsarki, wanda ya ɗinka wa riga ta fata saboda gara da ruwan damina. A gidanmu babu wani abin da ake tattali kamar wannan littafi, ko mu jikoki ba ma taɓa shi sai mun wanke hannu.

Da Baba Fasto ya yi sanarwar sansanin a majami'a, mahaifina bai yi na'am ba, kuma ban ga laifinsa ba. Duk manomi ya san abin da watan Agusta yake nufi: rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ciyawa kuwa tana tsere da auduga a gona. Ga shi an ce kowane yaro ya zo da tabarma, da kwano, da cokali, da bokiti, da mudu biyu na hatsi, ban da kuɗin mota. Baba ya ce, "Wasa za ka je yi a Zariya ka bar mu da ciyawa?" Kaka ne ya raba gardama. Ya ce shi zai riƙe fartanyata na kwana bakwai, ya auno hatsin daga nasa rumbun, sannan ya miƙo mini littafinsa yana yi mini tsiya irin ta kaka da jika, wai in ban dawo da shi lafiya ba to in wuce Legas daga can, kada ya sake ganina.

Mu tara muka tashi daga ikilisiyarmu a bayan akori-kura, muka bi ta Bakori zuwa Funtuwa, daga nan muka ratsa Giwa da Shika da Samaru. A wata makarantar kwana aka sauke mu, ɗalibanta suna hutu. Ban taɓa ganin yara Kirista da yawa haka a wuri guda ba. Akwai 'ya'yan ma'aikata daga Sabon Gari da Samaru, da yawansu asalin iyayensu Kudancin Kaduna ne ko Filato, suna sujada da Hausa kamar mu, amma Hausarsu daban tawa daban. Tun daren farko wani yaro da tabarmarsa take kusa da tawa, ɗan wani ma'aikacin jirgin ƙasa mutumin Kagoro, ya tambaye ni yarenmu. Na ce Hausa. Ya ce ba wannan yake tambaya ba, yaren da muke yi a gida yake nufi. Na sake cewa Hausa. Sai ya kira sauran yara su zo su ga Bahaushe Kirista. A makarantarmu ta firamare ana mamakin Bahaushe yana zuwa majami'a, a nan ma ga shi ana mamaki, na kwanta a daren nan ina jin kamar jemage, ba ni ga tsuntsu ba ni ga dabba.

Tsarin yini bai canza ba har muka tashi. Da asuba a kaɗa ƙararrawa a yi addu'ar safe ɗaki ɗaki, a yi shara da wanka, a sha kunu da ƙosai, sannan a shiga darasi har rana ta take tsaka. Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, su ne suke girki a bayan ɗakin cin abinci, suna tuƙa tuwo a manyan tukwane da itacen da ruwa ya jiƙa, hayaƙi yana sa su hawaye, suna waƙa duk da haka. An raba mu rukuni huɗu da sunayen mutanen Littafi Mai Tsarki, ni na faɗa rukunin Daniyel tare da yaron nan na Kagoro. Kowane abu yana da maki, daga haddar aya da tsabtar ɗaki har zuwa wasanni, ana rubuta su da alli a babban allo inda kowa zai gani.

Da la'asar nake zama mutum. An yi tseren buhu da tseren ƙwai a cokali da jan igiya, duk na taɓuka, amma ranar Talata da aka ce za a yi langa sai na ji kamar an mayar da ni dandalin ƙauyenmu. Yaran birni suna kama ƙafa suna tangaɗi kamar sababbin 'yan maruƙa. Ni kuwa tun ina ɗan shekara shida nake langa a farin wata, na san yadda ake sunkuyar da kafaɗa a bangaje mutum, na san yadda ake yi wa mai ƙarfi kwana a bar shi ya faɗi da nauyinsa. Aka sa ni ruwa, sauran suka zama dawakaina, sau uku ina sha ba wanda ya taɓa ni. Daga ranar aka daina ce mini Bahaushe, aka koma ce mini Sarkin Langa.

Amma akwai wani wasa da ake yi kullum bayan abincin rana, wanda ya fi kowane wasa maki, shi ne zare takobi. An ɗauko sunan daga Afisawa 6:17, inda aka kira Maganar Allah takobin Ruhu. Kowa zai ɗaga littafinsa sama a rufe, Malama ta kira littafi da sura da aya, mu maimaita, sai ta ce a zare, wanda ya riga samu ya miƙe ya karanta. A nan Sarkin Langa ya zama abin dariya. Karatuna da ma a hankali yake, ina bin baƙaƙe da yatsa, sannan ga wani abu da ya ɗaure mini kai. Malama za ta ce Karin Magana, in duba daga farko har ƙarshe ban ga Karin Magana ba. Ta ce Mahukunta, babu. Ta ce Maimaitawar Shari'a, babu. Har Yahaya da kowane ƙaramin yaro yake samu cikin ƙiftawar ido, ni ban same shi ba. Na ɗauka daƙiƙanci ne nawa, kunya kuma ta hana ni tambaya. Shugaban rukuninmu ya ce makin da nake kawowa da ƙafa ina zubar da shi da kai, yara suka yi ta dariya, ni ma na yi yaƙe, amma maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙashin kifi.

Ranar Laraba da dare sharar babban ɗaki ta faɗo kaina. Ina cikin shara sai na ga wata takarda ta faɗo daga littafin waƙoƙin Malama, an jera ayoyi goma, a sama an rubuta Alhamis. Ba zan ce Shaiɗan ya tura ni ba, domin na tsaya na yi tunani, na san abin da nake yi. Na kwafe ayoyin a tafin hannuna da damtsena, na mayar da takardar inda take, na karya tsinkayen tsintsiyar da ke hannuna ƙanana ƙanana na zuba a aljihu. Da kowa ya yi barci na ari tocilar wani ba da saninsa ba, na lulluɓa da zanen Inna, na yi ta laluben littafin Kaka har zakara ya yi cara. Biyar kawai na samu cikin goman, wato Zabura da Ishaya da Luka da Romawa da Obadiya, kowanne na soka masa tsinke a can ciki inda ba za a gani ba.

Kashegari na miƙe sau biyar. Ɗaki ya ɗauki tafi, rukunin Daniyel ya hau kan allo. Obadiya ne ya tona ni, ko da yake a lokacin ban sani ba. Littafi ne mai sura ɗaya da aya 21, yana maƙale tsakanin Amos da Yunusa, manya ma sukan wuce shi sau biyu kafin su same shi, sai ga yaron da jiya ya kasa samun Yahaya ya buɗe shi kafin Malama ta rufe baki. Malamin ɗakinmu, wani saurayi ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki, yana zaune a bayana, kuma daga baya ya gaya mini ya hango tsinken maƙale a cikin shafin. Bai ce komai ba, har tafi ya yi tare da kowa.

Da la'asar shi ne alƙalin langa. Muna karawa da rukunin Joshuwa, na kusa sha, sai wani yaro ya saki ƙafarsa a ɓoye, ya taka ƙasa da biyu ya bangaje ni, ya yi maza ya sake kamawa. Na tashi da laka a fuska ina ihu cewa ha'inci ne, cin da aka yi da ha'inci ba ci ba ne, a fitar da shi. Malam ya fitar da shi kuwa, domin shi ma ya gani. Da aka tashi sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, ɗauko littafinka ka same ni a gindin mangwaro."

Na je ina zaton yabo zan sha. Ya ce maganar da na yi a fili gaskiya ce, har ma tana cikin Littafi, in buɗe Timoti ta biyu sura 2 aya 5 in gani. Na fara lalube, shi kuma ya yi shiru yana kallon tururuwa a ƙasa. Ina juya shafi tsinken Ishaya ya faɗo, na yi kamar ban gani ba, can na Luka ya biyo baya. Na ɗauki lokaci mai tsawo ƙwarai, bai taimake ni ba, bai kuma hanzarta ni ba, har na samu na karanta da ƙyar cewa ɗan wasa ba ya samun rawanin nasara sai ya bi ka'idar wasan. Ya tsince tsinkayen biyu ya ɗora a tafin hannuna, inda sauran tawadar jiya take nan ba ta gama fita ba, ya ce, "Kai da ka san zafin ha'inci haka, yaya aka yi?"

Na fashe da kuka, na faɗa masa komai, har da tocilar. Na ce masa ni daƙiƙi ne, littattafan da Malama take kira ba na ganin su. Sai ya karɓi littafin ya buɗe shafin farko, ya duba jerin sunayen, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce wannan tsohuwar fassara ce, wadda aka fara bugawa a 1932, Malama kuwa da sabuwar da ta fito wajen 1980 take kira. Abin da take ce wa Karin Magana, a littafin Kaka Misalai ne. Mahukunta su ne Alƙalawa, Maimaitawar Shari'a ita ce Kubawar Shari'a, Matiyu shi ne Matta, Yahaya kuma shi ne Yohanna, wanda na haddace ayoyinsa tun kafin in shiga firamare. Kwana uku ina neman abin da yake hannuna. Malam ya ce su ma suna da laifi, domin sun tara yaran birni da na ƙauye ba su duba abin da kowa yake riƙe da shi ba, kuma zai gaya wa Malama. Ban taɓa jin babba ya amsa laifi a gaban yaro ba sai ranar. Amma bai bar laifinsu ya rufe nawa ba. Ya ce rashin sanin sunaye ba zunubi ba ne, kwafe takarda da soka tsinke kuwa zunubi ne, kuma tun da na san Yohanna, to in buɗe wasiƙarsa ta fari sura 1 aya 9. Wannan na same ta da wuri. A nan gindin mangwaro, hayaƙin girkin Matan Zumunta yana busowa, na durƙusa na roƙi Yesu gafara da bakina, ba da addu'ar da aka koya mini ba. An haife ni a gidan Kirista, ina zuwa makarantar Lahadi tun ina goye, amma ranar ce na fara magana da shi a kan laifin da yake nawa ni kaɗai.

Na zaci magana ta ƙare, ashe da saura. Darasin safiyar Jumma'a na Zakka ne, a Luka sura 19, gajeren mai karɓar haraji da ya hau itace don ya ga Yesu, wanda ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Malam bai dube ni ba ko sau ɗaya, bai kuma taɓa ce mini in fito in yi magana ba, amma ni na san maki biyar ɗin nan suna nan a kan allo. Kafin a fara zare takobi na ɗaga hannu, na miƙe ƙafafuna suna rawa, na faɗi abin da na yi a gaban yara duka. Malama ta goge makin, rukunin Daniyel ya sauko daga na ɗaya zuwa na uku, kuma a nan muka ƙare har aka tashi. Ba zan yi muku ƙarya cewa an rungume ni ba. Wasu sun yi tsaki, shugaban rukuninmu bai sake yi mini magana ba har muka rabu, da aka raba abinci kuma na ɗauki kwanona na koma bayan aji ni kaɗai.

Ina zaune sai ga yaron Kagoro da nasa kwanon. Ya ce yana jin haushina ƙwarai, amma Mamansa ta hana shi barin mutum ya ci abinci shi kaɗai. Muka ci shiru. Da muka gama ya ce zai koya mini jerin littattafai in ni ma zan koya masa kwanar nan da nake yi a langa. Yana da wata waƙa da suke rera sunayen littattafan nan 66 da ita, 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabon Alkawari, yana rerawa ina duba nawa, duk inda suna ya bambanta sai mu rubuta a bangon littafin darasi. Shi ya nuna mini cewa in na buɗe tsakiyar littafi kusan kullum a Zabura zan faɗa, daga nan sai in san ko gaba zan yi ko baya. Ni kuma na kai shi bayan fili na yi ta kayar da shi a laka har ya iya tsayuwa. Daga ranar Malama ta koma kiran suna biyu, sai ga shi ashe ba ni kaɗai ba ne, yara da dama daga ƙauyuka suna riƙe da tsohuwar fassara, kowa ya yi shiru da kunyarsa.

Ranar Asabar aka kwashe mu zuwa Wusasa, kusa da dutsen Kufena, muka ga tsohuwar majami'ar Saint Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929, da bakan gizo irin na soron Hausawa. Dattijon da ya zagaya da mu ya ba mu labarin Likita Mila, wanda mishan ɗin da ya kafa a cikin birnin Zariya ne aka mayar Wusasa, ya kuma ce yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassarar 1932. Malam ya karɓi littafin Kaka ya ɗaga, ya ce ga irinta nan a hannun wannan yaro. Yara suka kewaye ni suna son taɓa rigar fatar, abokina yana korar masu dattin hannu kamar nasa ne. Na tsaya a cikin ɗakin sujada da aka gina kamar ɗakunan garinmu, ana karanta mini tarihin Hausawa Kirista da suka riga Kaka, tambayar daren farko kuma ta daina damuna.

Da daren aka yi babban taro, aka yi wasan kwaikwayo na ɓataccen ɗa, Baba Fasto mai masauki ya yi kira ga masu son karɓar Yesu su ɗaga hannu. Yara da yawa sun ɗaga, aka rubuta sunayensu. Ni ban ɗaga ba, don na ga nawa ya riga ya faru tun Alhamis, saboda haka sunana ba ya cikin rahoton shekarar nan. Yanzu da nake cikin masu shirya irin wannan sansani, nakan tuna da wannan duk lokacin da kwamiti ya matsa a kawo adadin hannuwa, ko kuma wani dattijo ya ce a rage lokacin wasa a ƙara na wa'azi. Ba na raina wa'azi, da shi na girma, amma a filin wasa ne malami yake ganin halin yaro tsirara, a aji kuwa kowane yaro salihi ne. Da Malam bai tsaya alƙalancin langa a cikin laka ba, da bai sami ƙofar da ya shigo mini ta ita ba.

A zare takobi na ƙarshe, ranar Lahadi bayan sujada, na miƙe sau ɗaya tak, a Misalai 28:13, ni ne na uku wajen samu, don haka ba a ba ni maki ba. Malama ta ce duk da haka in karanta a tsohuwar fassara kowa ya ji yadda take.

Mun isa gida da magariba, na tarar Kaka ya dawo daga gonar auduga yana jiƙa ƙafafunsa a kwatarniya. Ya karɓi littafin ya jujjuya shi yana neman abin tsiya, sai tsinken Obadiya, wanda na manta ban cire ba, ya faɗo a cinyarsa. Ya tambaye ni ko shara aka koya mana a Zariya. Na zauna na ba shi labarin duka, Baba yana jingine da rumbu yana ji bai ce uffan ba. Kaka ya daɗe yana juya tsinken a yatsunsa, sannan ya buɗe Timoti ta biyu, ya sa shi a sura 2 ya rufe littafin, ya ce in je in ci tuwo, gobe da sassafe fartanyata tana jirana.